Wayoyin jigon jirgi: aikin mai shi ne ko na gwani?

A farkon watan Nuwamba na 2018, can tsakiyar Tekun Kudu, kimanin mil 1,900 kafin a kai Cape Horn, wata ƙatuwar igiyar ruwa ta ɗaga jirgin wani dattijo Bafaranshe mai shekara 73 ta maka shi da ruwa. Sunansa Jean-Luc Van Den Heede, kuma a lokacin shi ke kan gaba a gasar Golden Globe, wadda ake kewaya duniya mutum shi kaɗai, ba tsayawa, ba taimakon kowa. Da jirgin ya miƙe, jigonsa na nan tsaye, amma ƙusar da ta ratsa jigon tana riƙe da wayoyin ƙasa guda huɗu ta yaga ƙarfen ta zame kusan santimita biyar. Wayoyin suka saki. Da farko ya yi niyyar karkata zuwa Valparaiso a ƙasar Chile a gyara masa. Daga baya ya sake shawara, ya hau jigon da kansa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, jirgi na tangaɗi da shi a sama, ya ɗaure wurin da abin da ke hannunsa. Ranar 29 ga Janairu, 2019 ya shiga Les Sables-d'Olonne a Faransa, shi ne na ɗaya, bayan kwana 211 a kan ruwa. Cikin mutum 18 da suka shiga gasar, biyar kacal suka kammala.

Wannan labari shi ya jawo maganar da shafin nan zai yi a makon nan, magana ce da masu jiragen ruwa masu tafiya da iska ba sa gajiya da musu a kanta: idan wayoyin jigo suka tsufa, mai jirgi ya canza su da hannunsa, ko ya kira gwani ya biya shi?

Ga wanda bai saba da irin waɗannan jirage ba, abin bai da wuyar fahimta. Jigo shi ne dogon sandan nan da ke tsaye a tsakiyar jirgi, wanda ake rataya wa ƙyallen da iska ke bugawa. Ba ya iya tsayuwa shi kaɗai, kamar yadda doguwar eriyar rediyo ba ta tsayuwa sai an ja mata wayoyi ta kowace kusurwa. Akwai wayar gaba, akwai ta baya, akwai na gefe dama da hagu. Waɗannan galibi ba a jansu ba a sassauta su yayin tafiya, tsaye suke dare da rana, ko jirgi na tafiya ko yana ɗaure a tasha. Guda ɗaya ta tsinke iska na kaɗawa, jigon gaba ɗaya na iya zubewa a kan mutanen da ke ciki.

Yawancinsu da farin ƙarfen nan ake yin su, wanda ake cewa ba ya tsatsa. Waya ɗaya sili 19 ce a murɗe: ɗaya a tsakiya, shida sun kewaye shi, goma sha biyu a waje. Kamfanonin inshora da masu duba jirage sun saba neman a canza su duk bayan shekara goma ko kusa da haka, ko da kuwa suna ƙyalli kamar jiya aka saya. Masu jirgi da yawa sukan ɗauki wannan a matsayin dabarar raba su da kuɗinsu, domin aikin yakan ci dubban daloli a jirgi matsakaici. Amma dalilin yana cikin halin ƙarfen kansa. Abin da ke kare shi daga tsatsa wata siririyar fata ce da sinadarin kuromiyam ke yi idan ya haɗu da iska. Inda iska ba ta shiga, ruwan gishiri kuma ya samu wurin kwanciya, fatar sai ta mutu, ƙarfen ya fara cin kansa daga ciki. Kuma irin wannan wuri shi ne daidai inda waya ta shige cikin bakin ƙarfen da ke riƙe ta a ƙasa, domin ruwa na bin waya ya gangaro ya taru a nan. A ƙasashe masu zafi da ruwan gishiri mai ɗumi, irin gaɓar Legas inda kulob ɗin masu jiragen iska yake tun 1932, ɓarnar ta fi sauri. Ga kuma gajiyar ƙarfe: duk rawar da waya ta yi cikin iska, ko jirgi na ajiye, tana rage mata kwana.

Waje lafiya, ciki ciwo. Shi ya sa ido kaɗai ba ya isa shaida.

Masu cewa mutum ya yi da kansa suna da hujja mai ƙarfi, kuma mai wannan shafi ya fi karkata gare su fiye da yadda gwanaye za su so. Aikin ba sihiri ba ne. Bakin waya iri biyu ne. Akwai wanda inji ke matsewa a kan waya har su zama abu ɗaya. Wannan sai shago mai inji. Akwai kuma irin su Sta-Lok da Hi-Mod, waɗanda ake haɗawa da sifana biyu a kan benci. Mutum zai yanke waya daidai, ya zura mata gidan, ya warware sili goma sha biyun waje kamar mai tsefe kitso, ya zura ɗan ƙarfe mai siffar mazurari a kan na tsakiya, sannan ya mai da na waje su kwanta a jikinsa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya hau wani, ba wanda ya faɗa tsagar mazurarin. Ya ɗaure, ya kwance ya leƙa ya tabbatar, ya sake ɗaurewa. Wanda ya yi guda biyu, na uku ba zai ba shi wahala ba. Kuma wanda ya iya wannan a tasha zai iya yin sa a tsakiyar teku, inda ba shago ba waya.

Ko ɗaure wayoyin daidai ƙarfinsu akwai hanyar gane shi ba tare da na'ura mai tsada ba. Kamfanin Seldén na ƙasar Suwidin, mai ƙera jigo, ya daɗe yana koyar da awo da ma'aunin mita biyu: a jingina shi da waya, a riƙa ɗaurewa ana duba yadda take miƙewa. Duk milimita ɗaya da ta ƙaru a cikin mita biyun nan yana nufin an ɗora mata kashi 5 cikin ɗari na nauyin da zai tsinke ta. Milimita uku, kashi 15 ke nan, kuma kusan nan ake son manyan wayoyin gefe su tsaya a jirage da yawa.

To ina amfanin gwani? Amfaninsa ba a hannunsa yake ba, a idonsa yake. Mai jirgi ya ga jigo ɗaya, nasa. Gwani ya ga ɗaruruwa, ya ga yadda suke mutuwa. Shi ne zai ce waya ba ita kaɗai ba ce, a duba farantin ƙarfen da aka ɗaure ta a jikinsa, wanda ya ratsa daben jirgi ya ɓuya a wurin da ba iska sai danshi. Shi ne zai shafa ruwan rini a jikin ƙarfe ya goge, siririn tsagin da ko gilashin ƙara gani bai nuna ba ya fito ja. Shi zai lura cewa wanda ya mallaki jirgin a baya ya sa waya ƙarama, mai jirgi na yanzu kuwa yana shirin auna kuskuren ya sayo sabonsa. Kuskuren da ya fi yawa a hannun sabon shiga ma ba babba ba ne: 'yar ƙusa mai tsaga da aka manta ba a buɗe bakinta ba, ko ƙusar da ta fi raminta ƙanƙanta, ko zaren noti da aka ɗaure a bushe har ya cije. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a nan hakin bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Akwai kuma aikin da babu musu a kansa. Jiragen da ke amfani da sandar ƙarfe guda a maimakon murɗaɗɗiyar waya, sai da inji mai matsi ake yi wa sandar kai. Sauke jigo da ƙugiyar ɗaga kaya ma ba aikin mutum ɗaya da ɗan'uwansa ba ne idan ba su taɓa yi ba.

Sai dai kada wani ya ɗauka cewa da an biya kuɗi an karɓi takarda shi ke nan an huta. A watan Agusta na 2016, a bakin tashar Harlingen ta ƙasar Holan, jigon katako na wani tsohon jirgin yawon buɗe ido mai suna Amicitia ya karye ya kashe Jamusawa uku. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gano cewa katakon ya ruɓe a ƙarƙashin wani farantin ƙarfe da aka lulluɓe shi da shi, ruwa ya daɗe yana shiga. Jirgin yana da takardun izininsa. An yi ta aiki a jikinsa, an yi ta dubawa, amma ba wanda ya gano ruɓewar da ke ƙarƙashin farantin. Wannan abin baƙin ciki ne ƙwarai, domin mutanen nan hutu suka je yi, sun amince da jirgin da wanda ke tuƙa shi. Haka a Hawai ta Amurka, tsakanin Disambar 2006 da Maris na 2007, jigo ya faɗo a jiragen yawon buɗe ido biyu, ɗaya ya kashe yaro ɗan shekara 13, ɗayan ya kashe wani magidanci, abin da ya sa masu tsaron gaɓar teku na Amurka suka tsaurara binciken jigo da wayoyinsa.

Adalci ne a faɗi cewa jigogin da suka karye a gasar Golden Globe ta 2018, na Abhilash Tomy ɗan Indiya, da Gregor McGuckin ɗan Ailan, da Susie Goodall 'yar Ingila, guguwa ce ta juya jiragensu, ba tsufan waya ba. Akwai ruwan da ba wayar da za ta jure masa. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Are Wiig ɗan Norwe, da jigonsa ya karye a gasar, ya haɗa wani na wucin gadi daga abin da ya rage ya kai kansa Cape Town ba tare da an zo ceto ba. Wannan ilimi ba a sayensa ranar da ake bukatarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Misalin da ya fi gamsar da mai wannan shafi shi ne na Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu. Kafin gasar 2022 ta shafe watanni a tsibirin Prince Edward na Kanada tana gyaran jirginta Minnehaha, hannunta a cikin aikin, wani ƙwararre na yankin a gefenta. Ba ta miƙa mabuɗi ta tafi ba, ba ta kuma ce ta fi ƙarfin a koya mata ba. A hanya ta karkata ta ceto ɗan gasa Tapio Lehtinen da jirginsa ya nutse, sannan ranar 27 ga Afrilu, 2023 ta iso, ta zama mace ta farko da ta ci gasar kewaya duniya ita kaɗai.

Saboda haka hukuncin shafin nan a fili yake. Mai ƙaramin jirgi ko matsakaici da ke tuƙa kansa da iyalinsa, ya biya gwani ya hau jigon ya duba kafin a taɓa komai, ya sa shago ya matse bakin sama na wayoyin da inji, shi kuma ya haɗa na ƙasa da hannunsa, waya ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe jigon da igiyar jan ƙyalle kafin ya kwance kowace. In ya gama, gwanin ya dawo ya duba, ya rubuta, su fita ruwa tare a gwada cikin iska. Wanda kuwa ke ɗaukar fasinja da kuɗi, wannan zaɓi ba nasa ba ne: ya ba gwani aikin gaba ɗaya, amma ya tsaya a wurin har a gama, kuma ya sa a cire kowane faranti a ga bayansa.