Gayyar da Damri ke jira

Sharhinmu na yau ya nufi samarin Damri ta ƙaramar hukumar Bakura, da maƙwabtansu na Talata Mafara da Maradun.

Wannan yanki bai rasa manya ba. Ahmad Sani Yariman Bakura ya mulki Zamfara daga 1999 zuwa 2007. Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya hau a 2011, Bello Matawalle na Maradun ya gaje shi a 2019. Gwamnoni uku ke nan daga ƙananan hukumomi uku masu iyaka da juna. Amma a watan Mayun 2022 'yan bindiga suka faɗa wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe, suka kashe mutum aƙalla 48. Saurayin da ke cewa sai ya zama wani kafin ya taimaki garinsu, ya dubi wannan lissafi da kyau. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ba cewa muke kowa ya ɗauki bindiga ba. Tsaro haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma waɗanda suka shiga Askarawan Zamfara tun da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da su a Janairun 2024, Allah ya kare su. Maganarmu da mai biro ce da mai fartanya.

Ku dubi madatsar ruwan Bakolori. An kammala ta a 1978 a kan Kogin Sakkwato, da niyyar shayar da gonaki kimanin hekta 23,000. Ba a banza aka same ta ba. Kakanninku sun rasa gonakin gado, kuma a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyya a Birnin Tudu. Daga baya laka da ciyawa suka toshe magudanai, har sai da aka kawo kuɗin Bankin Duniya aka yi gyara. To, manyan injina sukan gama su tafi. Ƙananan magudanan da ke kai ruwa bakin gona, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa aka bar wa su. Galibi dattawa ne da suka san shinkafa ciki da bai, amma suna buƙatar mai riƙe musu littafin kuɗi, da mai rubuta musu takarda zuwa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Ina ɗaliban kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara? Wanda ya karanta lissafin kuɗi, ga aikinsa nan, ko da kuwa yana zaman jiran kiran bautar ƙasa.

Yashe magudana kuwa ba ya son takardar shaida. Da can sarkin samari kan sa ranar gayya, maƙaɗi ya zo, mata su dama fura, kafin azahar an gama gonar da mai ita ba zai iya nomewa cikin mako ba. Yanzu an mayar da taron samari na lokacin zaɓe kawai, a raba musu hula da kuɗin mai, a watse.

Sai makaranta. Tun da aka sace 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairun 2021, iyaye da yawa suka ja baya, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Mai shaidar koyarwa da ke zaune gida, ya nemi izinin mai gari, ya tara yara a zaure da hantsi, ya koya musu karatu da lissafi.

Wanda hanya ta hana shi zuwa gida, don hanyar ba abin wasa ba ce, ya nemi 'yan garinsu na Gusau ko Sakkwato ko Abuja su yi karo-karo, su ɗauki nauyin malami guda. Ƙarshen kowane wata a turo musu hoton rajistar yara ta waya, kafin su tura kuɗin wata mai zuwa.