Ma'aikata takwas ne a aljihunka, amma guda ɗaya ake koya maka sa wa aiki

'Yan'uwa ɗaliban kimiyyar kwamfuta, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Legas, waɗanda ke fitowa daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Ka duba kwalin wayarka, Tecno ce ko Infinix ko Redmi. Galibi za ka ga an rubuta Octa-core. Ma'anarsa ƙananan ƙwaƙwale takwas ne a ciki, kowace tana iya yin nata lissafin a lokaci guda. Laftof ɗin da ka saya na hannu a Computer Village ma da wuya ka same shi da ƙasa da biyu ko huɗu. To tambayata ita ce: daga lebul 100 zuwa yau, furogiram nawa ka rubuta da ya sa fiye da ɗaya aiki? Yawancinmu ko ɗaya. Mun ɗauki ma'aikata takwas, mun bar bakwai a inuwa suna kallon ɗaya yana gumi.

Wannan ilimin na raba aiki ga ƙwaƙwale da yawa shi ake kira faralel furogiramin, kuma ra'ayina shi ne a fara koyar da shi tun lebul 200, a cikin kwasa-kwasan da muke yi yanzu. Ajiye shi sai shekarar ƙarshe, lokacin da kowa hankalinsa na kan furojet da kiliyarans, ɓata shi ne.

Ba sabon yayi ba ne. A da, duk shekara ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙara gudu take yi, furogiram ɗinka ya yi sauri ba tare da ka taɓa shi ba. Wajen 2004 abin ya ci tura, saboda zafi da cin wuta sun yi yawa. Daga 2005 Intel da AMD suka koma saka ƙwaƙwale biyu a guntu ɗaya, daga nan huɗu, takwas, har abin da ya fi haka. A 2013 ƙungiyoyin ACM da IEEE suka fitar da jagorar manhajar da jami'o'in duniya ke dubawa, suka ware wa wannan fanni babi nasa a cikin abin da ya kamata ɗalibi ya sani. Yau fiye da shekara goma ke nan. Shi kansa AI da kowa ke ta magana a kai, a kan GPU yake gudu, wato dubban ƙananan ƙwaƙwale masu aiki tare.

Wani zai ce abu ne mai wuya. Wallahi ɗan Agege ya riga ya san rabinsa.

Ka je gidan burodi. Ka ƙara masu kwaɓa fulawa daga biyu zuwa ashirin, in dai tanda ɗaya ce, burodin ba zai ninka goma ba, kowa tandar zai jira. Wannan ita ce dokar Amdahl ta 1967. In kashi 10 cikin 100 na aikin ba ya rabuwa, ƙwaƙwale takwas ba za su ba ka ninki takwas ba, kusan 4.7 za ka samu. Ko ƙwaƙwale dubu ka kawo, ba za ka wuce ninki goma ba.

Ka je mayankar Oko-Oba. Wannan na yanka, wancan na fiɗa, wani na sara, wani na wanke kayan ciki. Kafin a gama da sa na farko, na biyu ya shiga hannu. Haka ake jera aiki a ƙwaƙwalwar kwamfuta, mataki na bin mataki, babu mai zaman jira.

Ka ɗauki yaran shago biyu da littafin bashi ɗaya. Ana bin Alhaji dubu goma. Wannan ya karanta dubu goma, ya karɓi dubu biyu. Wancan ma ya karanta dubu goma, ya karɓi dubu uku. Na farko ya rubuta saura takwas, na biyu ya zo ya goge ya rubuta saura bakwai, alhali biyar ce ta rage. Babu wanda ya yi sata, amma lissafi ya lalace. Irin wannan kuskuren ne ke iya faruwa a manhajar banki ko ta POS in mutum biyu suka taɓa asusu ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Kuma mugun abu ne, don sai ka gwada sau ɗari lafiya lau, ranar da jama'a suka yi yawa ya bayyana.

Wanda kuma ya san Pen Cinema kafin a buɗe gadar sama a 2021 ya san cushewa: kowace mota ta tare wa wata hanya, kowa na jiran kowa ya matsa. Furogiram ma yana shiga wannan halin ya tsaya cak.

Na san uzurorin, kuma wasunsu gaskiya ne. Za a ce ɗalibin da bai iya lup ba, ina shi ina wannan? Za a ce malami ɗaya ne da ɗalibai ɗaruruwa, ga matsalar wuta. Haka ne. Amma ba sabon kwas mai yunit uku nake nema ba. A kwas ɗin furogiramin, sati biyu kacal: tara lambobi miliyan goma da ƙwaƙwalwa ɗaya, sake tarawa da huɗu, auna lokaci, bayyana dalilin da bai ninka huɗu ba. A kwas ɗin algoridim, in an zo merge sort, a nuna yadda rabi biyun ke iya tafiya tare. A kwas ɗin databes, a kawo littafin bashin can. Shi ke nan fa.

Batun “ba mu da babbar kwamfuta” kuwa, ya daina zama hujja. OpenMP kyauta ne, layi ɗaya za ka ƙara a saman lup ɗinka na C. Python na zuwa da multiprocessing a cikinsa. Google Colab na ba da GPU kyauta na ɗan lokaci, data kawai za ka ƙona. Manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, don haka ƙofa a buɗe take ga duk sashen da ya so.

Me ya sa na dame ku da wannan? Saboda iyayenmu da ke sayar da albasa da shanu da canji a garin nan ba don kwali kawai suke biyan kuɗin makaranta ba. In ka je neman aiki a Yaba ko Lekki, ko aikin intanet da kamfanin waje, ba za a tambaye ka garinku ba. Za a iya tambayarka: mutum dubu sun danna “biya” lokaci guda, me zai faru da kod ɗinka? Wanda ya taɓa gani da idonsa zai amsa. Wanda ya haddace ma'ana daren jarrabawa zai yi shiru.

Shawarata biyu ce. Wakilan aji da 'yan NACOS, ku kai maganar gaban shugaban sashe cikin ladabi, a rubuce, da misalin satin da za a saka ta. Mu kuma kada mu zauna jira, zafin nema ba ya kawo samu amma zama ma ba ya kawowa. Mutum huɗu, laftof ɗaya, Asabar ɗaya bayan la'asar, a gwada tara lambobin nan. Wanda ya gwada ya ajiye sakamakonsa a kwament, mu ga na wa ya fi gudu kuma me ya sa.

Wanda yake ganin ba haka ba ne, bismillah, a kawo hujja. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri.