Ruwa-ruwa ya ƙafe: wa zai fara tattalin mai?

Shekara da shekaru, mai mota a Maraɗi, Damagaram ko Ƙonni bai damu da sanin lita nawa motarsa ke sha ba. Me zai sa ya damu? Kowace kusurwa da teburinta, kowane tebur da kwalabensa. Isanshin Nijeriya mai rangwame yana kwararowa ta Jibiya, ta Maigatari, ta Illela, ƴan ruwa-ruwa suna sayar da shi ƙasa da kuɗin sitasiyo. Ran 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya tsaya a Abuja ya ce tallafin mai ya ƙare. Da wannan magana guda, rijiyar da muka daɗe muna ɗiba ba mu ne muka gina ta ba ta ƙafe.

Abin da ya biyo baya kowa ya gan shi. A Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar isanshi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Jama'a suka yi murna, masu sayen kwalba suka koma famfo. Ba a cika shekara ba, a Maris na 2025, sai ga layin motoci da babura a sitasiyoyin Yamai da na jihohi, mutane suna yini a rana don lita biyar. Hukumomin Sonidep da bakinsu suka amsa cewa abin da matatar Soraz ke bayarwa bai ishi ƙasa ba, kuma man fasa-ƙwauri ne ya daɗe yana rufe mana asiri. Matatar da aka buɗe a 2011 an gina ta ne don ganga 20.000 a yini. Bututun da ya fara kai ɗanyen man Agadem gaɓar tekun Bénin a 2024 bai ƙara mata ganga ko ɗaya ba, ɗanyen mai kuwa ba ya shiga tankin mota.

Ra'ayinmu shi ne: rangwamen da ya rage wa mai mota yana cikin motarsa da ƙarƙashin ƙafarsa. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta lashe lita 90, wato kusan jika 45 a farashin 2024. Zuwa kawai ke nan, kuma ya zarce mafi ƙarancin albashi na wata, jika 42, wanda aka tsayar a shekarar. In aka rage lita 2 a kowane kilomita 100, zuwa da dawowa an tsira da lita 36, kusan jika 18. Ɗan kasuwar da ke wannan hanya sau biyu a wata ya san abin da kuɗin nan ke saye.

Ina lita biyun nan suke ɓoye? Mafi yawansu a gudu. Iskar da mota ke ketawa tana ƙara nauyi fiye da yadda gudun ke ƙaruwa, shi ya sa mai tafiya a 120 yake ƙona kusan kashi ɗaya cikin huɗu fiye da mai tafiya a 90. Lokacin da ya ci da gudun ma, shingayen jandarma da garuruwan kan hanya za su karɓe rabinsa. Kayan da ake labtawa bisa rufi har su fi motar tsawo, su ma iska suke tarewa. Taya mai ƙarancin iska tana jan mota baya, tana cinye kanta, ga shi duba ta bai fi minti biyar ba wurin mai faci, da safe kafin ta yi zafi.

Akwai wata ɗabi'a ta garejinmu da ya kamata a tsaya a kanta. Da mota ta iso daga Turai, abu na farko da bakanike kan yi shi ne cire tarmosta, wai an yi ta ne don ƙasar sanyi. Aikin wannan ɗan ƙarfe shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In babu shi, injin yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, na'urar da ke auna mai kuwa sai ta yi ta ƙara masa, tana zaton yanzu aka tayar da shi. Mai mota ya biya kuɗin cirewa, sannan ya ci gaba da biya a kowace lita. Motar da ke zafi, a wanke mata radiyato, a duba fanka. Haka nan buji da ya gaji, da filtir ɗin iska da ƙurar buji ta toshe, wanda a tsofaffin motoci masu karbirato yake sa su shan mai kamar raƙumi ya iso rijiya. Ƙwayoyi da maganaɗisun da ake talla wai suna rage shan mai kuwa, aljihun mai saye kaɗai suke ragewa.

Wanda ke son gaskiyar motarsa ya cika tanki, ya rubuta lambar kilomita, in ya dawo cikawa ya duba lita nawa suka shiga. Ɗan kasuwar da ba ya barin tiya guda ta fita daga sito ba a rubuce ba, abin mamaki ne ya bar direba da jika 50 na mai ba tambaya.

Amma da wane baki za a ce wa malamin makaranta ya yi tattali, alhali gwamnati da kanta tana ƙona man ƙasar nan ba tattali? Mai dokar barci bai kamata ya ɓuge da gyangyaɗi ba. Kowa ya san Land Cruiser V8 da ke tsaye a ƙofar ofis, inji yana aiki, kilim yana hurawa, don kada maigida ya tarar da kujera da zafi in taro ya watse. Irin wannan mota tana shan fiye da lita guda a awa ba ta motsa ba, in ta motsa cikin gari ba ta raina lita 15. Kowa ya san motar aiki da ake gani ranar Lahadi wurin biki ko a gona, da takardun bon na mai da ke komawa kuɗi kafin magariba. Ma'aikatan da ke karanta mu sun fi mu sanin wannan, domin su ake aika su sa hannu. Litar da aka ƙone a haka harajin ɗan kasuwa ce, kuma a ranar ƙarancin mai ita ce litar da ɗan kabu-kabu ya yini a layi bai samu ba.

Ba mu neman sabuwar hukuma ko kwamiti. Kowace motar gwamnati ta riƙe littafin tafiya: ina aka je, kilomita nawa, lita nawa, wa ya ba da izini. A tara motocin aiki a garejin ma'aikata daga yammacin Juma'a, ban da na asibiti da na tsaro. Ƙarshen kowane wata a liƙa lissafin man kowace ma'aikata a allon ƙofa, inda masinja da direba za su iya karantawa, kuma shafin farko ya zama na motar minista.