A bar wa kwamfuta rabon rukunin furojet, amma da sharaɗi

A sashenmu rabon rukunin furojet bai ci minti goma ba. Kilas ref ya ɗauko takardar sunaye, ya bi lambar rajista biyar-biyar, shi ke nan. A wani sashen kuwa cewa aka yi kowa ya nemi nasa. Kafin la'asar masu ƙoƙarin aji sun haɗe kansu, aka bar sauran suna zagaye kamar marayu.

Ni lamba ce ta haɗa ni da mutum huɗu. Ɗaya tela ne, ba ya samun kansa sai bayan isha'i. Ɗaya matar aure ce, ƙarfe huɗu dole ta kama hanyar gida. Wallahi ba malalata ba ne. Amma wata biyu ke nan ba mu taɓa zama mu biyar wuri ɗaya ba, ga difens na matsowa.

Shi ya sa nake ganin a miƙa wa kwamfuta wannan aiki. Kowa ya cike fom: batutuwan da yake so bi da bi, lokutan da yake da sarari, da abin da ya iya. Manhaja ta ba kowane tsarin rabo maki, ta dinga musanya ɗalibai tsakanin rukunoni har ta ga makin ya daina ƙaruwa. Ba yau aka fara irin wannan lissafi ba. Tun 1962 Gale da Shapley suka fitar da hanyar haɗa mutane bisa zaɓinsu, kuma da danginta ake tura sababbin likitoci asibitocin horo a Amurka.

Sharaɗina shi ne a nuna mana ma'aunin. Kwamfuta abin da aka ce ta auna kaɗai take aunawa. In GP kawai aka ba ta, za ta ɗauki mai ƙoƙari ɗaya ta ɗora masa mutum huɗu, ya zama jakin rukuni, a ce wai an daidaita. A liƙa a allon sanarwa, kafin rabo, nauyin da aka ba GP da wanda aka ba lokaci. A kuma bar gurbi a fom ɗin, a asirce, mutum ya rubuta sunan wanda ba zai iya aiki da shi ba. 'Yan'uwanmu mata sun san dalili.

Mu dai namu ya wuce, da telanmu za mu shiga difens. Amma ƙungiyar ɗalibai na iya kai maganar ga shugabannin sassa kafin a raba 'yan bayanmu.