Kafin a buga gwanjon gida

A Maraɗi ko Damagaram, ranar da aka manna takardar gwanjo a ƙofar magidanci ita ce ranar da unguwa take jin labari. Maƙwabta su yi cirko-cirko, wani ya karanta faransancin da ke ciki da ƙyar, a yi salati, a ce banki ya cinye gidan wane. Sau da yawa uwargida ma ranar take sani. Alhali wannan takarda ta ƙofa tana cikin na ƙarshe a jerin takardun da doka ta wajabta, kuma tsakaninta da ta farko an yi watanni. Cikin watannin nan ake ceton gida ko a rasa shi, su ne kuma magidanci kan ƙarar yana tura takardu ƙarƙashin katifa, yana jiran wani fatauci da zai fid da shi kunya.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ƴan Nijar sun ga yadda yake juyewa mutum ba da laifinsa ba. Bankin BDRN ya durƙushe a 1990, aka bi waɗanda suka ci bashinsa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk mai sayo kaya daga waje ya wayi gari jarinsa ya zube. Ma'aikatan gwamnati sun shafe shekarun 1990 suna bin albashin watanni, har daga baya aka biya wasu da fegi. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023 ya sake tsayar da motocin kaya. Duk lokacin da irin wannan ta faru, banki bai daina ƙirga ruwan kuɗinsa ba, takardar gida kuwa tana cikin akwatinsa.

Dokar da ke hukunta wannan al'amari ta ƙungiyar OHADA ce, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ranar 17 ga Oktoba 1993, ta haɗa ƙasashe 17 har da Nijar, babbar kotunta tana Abijan. Dokarta ta karɓar bashi da zartar da hukunci an yi ta a 1998, aka sabunta ta a 2023. Abu na farko da ta faɗa, a aya ta 246, shi ne mai bin bashi ba shi da ikon sayar da gidan wani sai ta hanyar da doka ta shata, kuma duk yarjejeniyar da ta saɓa wa haka banza ce, ko da mai gidan ya sa hannu. Ma'aikacin banki da ya ce gobe zai zo da mai saye, barazana ce kawai yake yi. Sai dai akwai wani kuskure da ya kamata a fid da shi daga zukata. Mutane da yawa suna zaton sai an kai su ƙara an yi shari'a tukuna. In a gaban noter aka rubuta jinginar, wato mai hatimin hukuma da ke rubuta yarjejeniyoyi, takardarsa tana iya ɗaukar ƙarfin hukunci, banki ya fara bin gida da ita ba tare da wani zaman kotu ba.

Takarda ta farko ɗan saƙon shari'a ne yake kawo ta, umarni ne na biya cikin kwana 20. In kwanakin suka cika ba a biya ba, ana iya rubuta umarnin a ofishin rajistar filaye, daga ranar nan gida ya shiga hannun shari'a. Mai shi ba zai iya sayar da shi ko ya sake jinginar da shi ba, amma yana ci gaba da zama a ciki da iyalinsa har a yi gwanjo. Babu wanda doka ta bai wa ikon fid da kayansa waje a wannan mataki ba tare da umarnin alƙali ba. Kwana 20 ɗin nan sun fi duk sauran daraja, don a cikinsu gida yana hannun mai shi. Yana iya zama da banki a sake tsara biya, yana iya tara dangi, yana iya nemo mai saye da kansa a farashin kasuwa da yardar bankin, ya biya bashi, ya riƙe ragowar ya sayi ƙaramin wuri. Mutum ya sayar da gidansa da hannunsa abu ne mai ɗaci, amma ɗacinsa bai kai na gwanjo ba.

Alƙali ma yana da abin da zai iya yi, in an roƙe shi. Aya ta 39 ta ba shi dama ya duba halin wanda ake bi da bukatar mai bi, ya jinkirta biya ko ya rarraba shi har tsawon shekara guda, ya kuma ce abin da aka biya a fara cire shi daga uwar kuɗi kafin ruwa. Wannan sauƙi bai shafi kuɗin ciyar da iyali ba, bai shafi bashin takardun ciniki irin su cek ba, kuma tun da wuri ake nemansa. Ma'aikacin da albashinsa ya makara, ko ɗan kwangilar da ke bin baitulmali kuɗin aikin da ya gama, yana da hujjar da zai aza gaban alƙali da takardu a hannu. Aya ta 265 kuma kamar don masu gidajen haya na Yamai aka rubuta ta: wanda ya nuna cewa kuɗin da gidajensa za su kawo cikin shekara 2 sun isa biyan bashi da ruwa da kuɗin shari'a, ya kuma yarda a riƙa miƙa su ga mai bin bashi, ana iya dakatar da gwanjon. Haka nan in an kama gidaje da yawa alhali guda ya isa, aya ta 264 ta ba shi damar neman a tsaya kan wanda ya isa.

Sai batun gidan gado, wanda ya fi kowane raba zumunta. Ɗan'uwa guda ya ci bashi, gida kuwa na magada goma ne, har da gwauraye da marayu. Aya ta 249 ta hana masu bin mutum guda bashi sayar da rabonsa kafin a raba gadon. Suna da ikon neman a raba, amma rabon sauran magada bai zama abincinsu ba. Magajin da ya ji ƙishin-ƙishin ya yi shiru don kada a ce ya tona asirin yayansa, to ya sani shirunsa bai rufa asirin kowa ba.

Bayan an rubuta umarnin biya a rajista, lauyan mai bin bashi yana da kwana 50 ya ajiye kundin sharuɗɗan gwanjo a ofishin magatakardan kotu, sannan a aiko wa mai gida sammaci ya zo ya duba. A nan ne gidaje suke salwanta. Duk wani ƙorafi, ko kan yawan bashin, ko kan kuskure cikin takardu, ko kan farashin da za a fara da shi, dole a shigar da shi a rubuce, kwana 5 aƙalla kafin zaman da kotu ta tsayar don sauraron ƙorafe-ƙorafe. Wanda ya bari ranar ta wuce ya rasa bakin magana, ko da gaskiyarsa ta kai hasken rana, ɗaukaka ƙara kuma a wannan fage ƙofarta ƙunci gare ta. Lissafin bankin ma abin dubawa ne layi-layi, domin a 2014 hukumomin kuɗin sefa na Afirka ta Yamma sun ƙayyade iyakar ruwa a kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun lamuni, kuma a lissafin iyakar nan har da kuɗaɗen da ake liƙa wa bashi da wasu sunaye.

Akwai wurin da dokar kanta ta gaza, kuma ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Aya ta 267 ta bar mai bin bashi ya yanka farashin da za a fara gwanjo da shi, sharaɗi kawai kada ya gaza rubu'in darajar gidan. A ɗauki gida mai darajar miliyon 20, bashi miliyon 7. Ana iya buɗe gwanjo a miliyon 5. Sanarwa tana fita a jaridar faransanci da allon kotu, inda talaka ba ya leƙawa, masu zuwa kuwa sau da yawa dillalai ne da suka san juna. In babu wanda ya taya, mai bin bashi ne ke ɗaukar gidan a wannan farashi. Magidanci ya rasa gidan miliyon 20, a kuma ci gaba da binsa miliyon 2 da kuɗin shari'a. Doka ta bar wata ƴar kafa: cikin kwana 10 bayan gwanjo kowa yana iya ƙara aƙalla ushirin farashin da aka sayar, a sake bugawa. Dangi masu hali suna iya amfani da ita, in sun ji da wuri. Amma dokar da ta yarda gumin shekara talatin ya tafi a rubu'in kuɗinsa ta fi tausayin littafin banki bisa ga iyalin da za su kwana a titi, kuma wakilan Nijar a majalisar ministocin OHADA suna da bakin da za su nemi a ɗaga wannan ma'auni.

Duk wannan zancen banki ne. A kasuwa jingina wata iri ce. Mutum ya matsu, ya kai wa wani mai hali takardar feginsa ta ofishin magajin gari, a ba shi kuɗi, a sa shi ya sa hannu kan wata takarda da aka ce ta shaida ce kawai. Ranar da aka saɓa, sai ta zama takardar ciniki. Dokar OHADA ta jingina, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ta yarda a yi sharaɗin cewa mai bin bashi zai mallaki abin da aka jinginar in ba a biya ba, amma sai in mai jinginar kamfani ne ko ɗan kasuwa mai rajista, kuma ta cire gidan zama daga ciki ɗungum. Ko alƙali ba zai miƙa wa mai bin bashi gidan da mutum yake zaune a ciki a madadin kuɗinsa ba. Masu wayo sun san haka, shi ya sa suke rubuta jingina da sunan sayarwa. Warware irin wannan takarda a kotu yana yiwuwa, sai dai aiki ne ja, sai da shaidu da hujjar cewa kuɗin da aka karɓa rance ne. Wanda bai iya karatun boko ba, kada kunya ta hana shi zuwa da ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa kafin ya dangwala yatsa. Ga wanda zai tsaya wa wani lamuni kuwa, in bai iya rubutu ba, doka ta ce sai da shaidu 2 da za su tabbatar an bayyana masa nauyin abin da ya ɗauka. Ma'aikata nawa ne suka tsaya wa ƙane ko suruki don zumunci, ba su taɓa ganin ko dala ta kuɗin ba, sai ga ɗan saƙon shari'a a ƙofar ofis?

Ba wanda ke cewa a hana banki karɓar haƙƙinsa. Kuɗin da yake rantawa ajiyar wasu talakawan ce, kuma ƙasar nan ta ɗanɗana abin da ke faruwa in manya suka ci bashi suka ƙi biya. Abin da ake nema shi ne a yi kokawar a fili guda. Banki yana da lauyoyi da ke ƙirga kwanakin nan kamar tasbaha, magidanci kuwa an miƙa masa takarda cikin harshen da ba ya ji, cike da kalmomin da ko mai digiri sai ya nemi fassara. Tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa hali a gaban shari'a, amma lauyoyi sun taru a Yamai, mutumin Tawa ko Tasawa sai ya haɗa kuɗin mota da na masauki kafin ya ji ko yana da mafita. Ma'aikatar shari'a tana iya wajabta wa kowane ɗan saƙon shari'a ya haɗa umarnin biya da takarda guda cikin Hausa ko Zabarmanci, mai faɗin kwanakin da suka rage, da ofishin da za a je, da abin da ake iya roƙon alƙali. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago, waɗanda ke karɓar kuɗin mambobi kowane wata, suna iya ɗaukar lauya guda da zai riƙa zama a Maraɗi da Damagaram ko da sau biyu a wata, ya duba takardun duk wanda aka kawo wa umarnin biya tun kwana 20 ɗin ba su cika ba.