Tocilar Ruwa: Lambar Da Ke Jikinta Ta Fi Hoton Kwali Muhimmanci

Da zarar damina ta kankama a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, tocila takan zama abokiyar tafiya. Masunci a dam ɗin Mairuwa, mai yasar rijiya, da ɗan acaɓan da dare ya riska a bakin rafi, kowa na buƙatar hasken da ruwa ba zai kashe ba. Sai dai da yawa suna sayen tocila ne don kawai an zana ta cikin ruwa a jikin kwali. Hoto ba shaida ba ne.

Abin dubawa shi ne lambar IP, ma'aunin ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60529. Tocila mai IPX4 yayyafi da fantsamar ruwa kaɗai take jurewa. Mai IPX7 an gwada ta a zurfin mita 1 na minti 30. Mai IPX8 takan wuce haka, amma kamfani ne ke faɗin iyakar zurfin. Wadda babu lamba a jikinta, ko IPX8 ba tare da adadin mita ba, ta maƙale a shago ya fi. Mai nutso ya sani cewa duk mita 10 nauyin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kan doron ƙasa, kuma ta ƙaramar kafa yake kutsawa.

Babban kuskuren matasa shi ne mayar da fitilar waya tocilar ruwa saboda an rubuta IP68. A ruwa mai tsabta da ba ya motsi ake wannan gwaji, ba a ruwan rafi mai laka da gudu ba. Apple da Samsung ba sa sanya ɓarnar ruwa cikin garanti. Idan waya ta mutu a tsakiyar ruwa, haske ya tafi, hanyar kiran taimako ma ta tafi. Binne ta cikin shinkafa kuwa, Apple da kansa ya hana.

Ita ma tocila mai kyau sai da kulawa. Ranta yana wajen zoben robar da ke bakin murfin batir. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. A goge zoben, a shafa masa man silikon kaɗan, ban da basilin, domin yana lalata wasu nau'o'in roba. Bayan aiki a ɗauraye ta, a bari ta bushe kafin a buɗe ko a sa caji. Kada a bar ta cikin rana, kuma a cire batir idan za a ajiye ta har wata damina.

Gwaji mafi sauƙi: a cire batir, a sa busasshiyar takarda a ciki, a rufe, a nutsa cikin bokiti na rabin awa. In takardar ta jiƙe, gara an gane a tsakar gida da a gane cikin kwale-kwale da tsakar dare.