Riga-kafin zazzaɓin cizon sauro: daga Nanoro zuwa Zongo

Duk wanda ya taɓa yin damina a unguwar Zongo ta Wagadugu ba ya bukatar a yi masa bayanin zazzaɓin cizon sauro. Daga watan Yuli zuwa Oktoba, ruwa ya kwanta a lunguna, da wuya a shiga gida ba a tarar da yaro kwance jikinsa rau da zafi ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu tsaya mu duba batun allurar riga-kafin wannan cuta, wadda Burkina Faso ta sanya cikin alluran yara a watan Fabrairun 2024, aka yi bikin farawa a Kudugu.

Idan mai karatu bai manta ba, ba daga sama wannan allura ta faɗo mana ba. A Nanoro, kimanin kilomita 90 daga Wagadugu, Farfesa Halidou Tinto da abokan aikinsa suka gwada allurar R21 da Jami'ar Oxford ta Ingila ta haɗa, a kan yara 450 masu wata 5 zuwa 17. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna ta rage kamuwa da kashi 77 cikin ɗari, abin da babu wata allurar maleriya da ta taɓa kaiwa kafin nan. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa yara 4,800 a Burkina da Mali da Kenya da Tanzaniya, kuma a Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, shekara biyu bayan ta amince da ta farko, wato RTS,S. Ita ma wannan ta farkon, Nanoro na cikin wuraren da aka gwada ta.

Mun nanata wannan ne saboda mun san abin da ake faɗa a majalisa da wajen suna. Bahaushe bai manta da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano a 1996 ba, kuma shakkun da ya biyo baya na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003. Tsoron yana da tushe, ba ma raina shi. Amma a wannan karon likitocin ƙasa ne suka jagoranci aikin a Nanoro, iyaye suka kai 'ya'yansu da yardarsu, aka buga sakamakon kowa ya gani.

Inda muke ganin gizo ke saƙar shi ne wani wurin daban. Allurar sau huɗu ake yin ta, uku a jere daga wata biyar, ta huɗu sai yaro ya haura shekara, lokacin da uwa ta koma kasuwa ko ta sake samun ciki, katin asibiti kuma ya ɓace a ƙasan akwati. Ga mutanenmu 'yan fatauci, yau Wagadugu gobe Kumasi ko Yamai. Yaron da bai samu ta huɗun ba, kariyarsa raguwa take yi.

Sannan allurar ba ta hana kowane zazzaɓi. A 2023 zazzaɓin denge ya kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar nan, akasari a Wagadugu da Bobo, kuma wani sauro ne daban ke kawo shi, mai cizo da rana. Ranar da yaron da aka yi wa allura ya kwanta da zafin jiki, maƙwabta cewa za su yi allurar ƙarya ce, matuƙar ma'aikatan lafiya ba su yi wannan bayani tun farko ba, kuma da harshen da uwa take ji.

Binciken da aka yi a Hunde da kuma Buguni ta ƙasar Mali, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa idan aka haɗa allura da maganin da ake raba wa yara gida-gida lokacin damina, kwanciya asibiti da mace-mace na raguwa da kusan kashi 70 cikin ɗari a kan a yi ɗaya kawai. Ke nan gidan sauro da ƙwayoyin damina suna nan daram, kada kowa ya ajiye su.

A Nanoro kuwa aiki bai tsaya ba. A ƙarshen 2024 sun fitar da sakamakon wata sabuwar allura, RH5.1, wadda ke tarar ƙwayar cutar bayan ta bar hanta ta shiga jini, ta kuma ba da kariyar kashi 55 cikin ɗari. Fatan masu binciken shi ne a haɗa ta da R21.